Ranar da Aka Goya Motar Maccido

Maccido taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, saboda haka tun muna yara nake da izinin tsokanarsa, kuma na ci wannan izini fiye da kima. Ni sunana Halliru. Albasa nake saye a Goronyo in loda a lori a kai kudu. Shi kuwa keke yake gyarawa a gindin wata tsamiya da ke bakin kasuwa. Gajere ne mai kaurin wuya, ba ka ganin haƙorinsa sai in abin da ya lalace ya gyaru a hannunsa. An ɗebe shi soja lokacin babban yaƙin Turawa, ya shekara huɗu yana kwanciya ƙarƙashin motoci, ya dawo da igiya biyu a kafaɗa da son mota wanda ba ya jin magani. Kofur muke ce masa.

Wata rana ya je Rabah gaisuwar mutuwa, ya dawo yana magana shi kaɗai. Ashe a bayan wani tsohon kanti, wanda wani Bature mai sayen fata ya bari da daɗewa, ya ga gawar mota. Irin ta farkon zuwan motoci ce, doguwa, ba gilashi a gefe, ƙafafunta kuma ba ƙarfe ba ne zalla, sandunan itace ne suke fitowa daga tsakiya su tokare da'irar da taya yake kai. Gara ta cinye sandunan, kaji sun mai da kujerun wurin ƙwai. Mai gadin wurin ya ce ya kwashe, dama ta tare masa wurin ɗaure akuya. Maccido ya kwance ta gunduwa-gunduwa, ya ɗora wa jakuna, sawu uku ya yi tsakanin Rabah da Goronyo. Ranar da jakin ƙarshe ya iso na tsaya a ƙofar gidansa na yi masa barka da samun tsummokaran ƙarfe. Ya ci gaba da sauke kayansa.

Shekara shida ya yi a kanta. Ba direban lori da ya tsaya a kasuwarmu bai roƙe shi wani kusa ko guntun waya ba. Abin da bai samu ba, ya zauna a maƙera ya sa a ƙera masa, in bai yi ba a sake. Kujerun ya rufe su da jar fatar akuya. Ƙafafun ne suka fi ba shi wahala, sai da ya je wurin Mode masassaƙi, tsohon da yake yi mana ƙotar fartanya, ya zauna kansa wata biyu har ya sassaƙa masa sanda arba'in da takwas na itacen marke, sha biyu a kowace ƙafa.

To, a nan ne abin da mutane ba su gane ba yake. Itace in ya bushe yakan tsuke, sandar ta yi sako-sako a raminta. In ya sha ruwa sai ya kumbura ya kama gam. Ma'ana, motar Maccido tana buƙatar a shayar da ƙafafunta kullum, musamman da bazara. Wannan aiki matarsa Safara'u ce ta ɗauke shi. Kowace safiya tulu biyu take zubawa, sannan ta lulluɓe ƙafafun da jiƙaƙƙun buhunan albasa waɗanda ni nake ba ta, ina ba ta ina dariya. 'Yar Wurno ce, kuma labari ya kai can cewa ɗiyarsu ta auri taɓaɓɓe, tana ɗebo ruwa tana ba ƙarfe. Yayanta Ƙasimu har zuwa ya yi sau biyu wai ta haɗa kayanta. Ta ƙi. Dalilinta ɗaya ne, Maccido ya yi mata alkawari cewa ranar da motar ta tashi, shi da kansa zai tuƙa ta daga Goronyo har ƙofar gidan ubanta, ta sauka kowa yana gani.

Motar kuwa ta tashi. Wata Laraba da hantsi ya murza handul, ƙarfen tada inji, abin ya yi tari sau biyu, ya kama ruri. Awakin unguwa suka tsinke igiya. Na ga haƙoran Maccido gaba ɗaya a ranar. Ya kai ta bakin fadama ya dawo, ya sake kaiwa ya dawo, ina zaune kusa da shi na riƙe hulata, na daina tsokana na koma salati. Abin da ya hana shi nufar Wurno nan take fetur ne. Kwalba-kwalba yake tarawa daga hannun direbobi, in ya gyara musu wani abu su tsiyaya masa. Sai da aka fara cire albasa garwarsa ta cika. Ya sa ranar tafiya, Safara'u ta aika wa danginta cewa su saurare ta.

Ana saura kwana goma sai ga Malam Zayyanu, malamin gona, a kan kekensa, da littafi a aljihun gaba. Ya ce za a yi nunin amfanin gona a Wurno, irin wanda ake jera bijimai da albasa da auduga a ba wanda ya fi kyauta. Baturen gona ya ji labarin motar, yana so a ajiye ta kusa da sabuwar tarakta, jama'a su ga abin da da abin yanzu, kuma a ranar taro mai ita ya zagaya fili da ita sau ɗaya. Maccido ya ji daɗi har ya miƙe tsaye ya ƙame kamar yana bariki. Sai Malam Zayyanu ya ƙara da cewa za a turo lori ya ɗauke ta.

Maccido ya ce, "Lori kuma? Malam, ai tahiya takai da ƙahwatta. Mi za a yi da lori?"

Malam Zayyanu ya ce, "In tal lalace bisa hanya hwa? Bature shina jira, manya na zaune, ni ƙaƙa za ni yi da raina? Kai ba ka da aikin da za a kore ka, Kofur. Ni ina da shi."

"To a bar ni in tahi tun da sauran kwana ukku. In ta tsaya in gyara."

"An riga an rubuta lori. Kuma Bature ya ce a shahe ta da koren fenti, har ƙahwahun. Fenti ba shi kama jiƙaƙƙen icce, don haka daga yau kar a ƙara zuba mata ruwa."

Maccido ya yi ta bayani, ya kama hannun Malam ya ɗora a kan sanda, ya nuna masa yadda take tsukewa. Malam ya saurara, ba mugun mutum ba ne, amma tsoro ya toshe masa kunne. Ya ce kwana nawa ne duka-duka, itace ba ƙanƙara ba ne da zai narke. Ya hau kekensa ya tafi.

Da la'asar Maccido ya same ni a rumfata. Ya ce yana so ya ƙi. Zai ɗauki matarsa gobe da safe ya tafi abinsa, in ya so su nemi wata motar su yi wa fenti. Wallahi da na ce masa tafi, da ya tafi. Amma na ce masa saƙon da ya biyo ta hannun manya ba a mai da shi, kuma tsohon soja ya fi kowa sanin haka. Na ce in ya zagaya filin nan gaban Bature da dukan Wurno, ai ya fi ya tsaya ƙofar gida ɗaya. Maganar tawa ta yi kama da hankali. Gaskiyar kuwa, lorin da aka rubuta shi ne mai ɗaukar mini albasa, kuma ina son a gan ni a gidan gaba ina shiga Wurno da abin kallo a bayana. Wannan shi ne iyakar hikimata, kuma har yau in na tuna ina jin haushin kaina.

Kwana biyar ba ruwa. Safara'u takan fito da safe ta tsaya da tulu a hannu, ta dubi motar, ta juya ta zuba wa kaji. Aka zo aka shafe ta kore shar, har da sandunan Mode. Ta yi kyau, ba zan ɓoye ba.

Ranar ɗauka muka haƙa rami mai gangare, lori ya shiga da baya har bodinsa ya yi daidai da ƙasa, muka tura motar ta hau. Sai ɗauri, kuma ɗauri aikina ne. Shekara ashirin ina ɗaure albasa, buhu bai taɓa faɗo mini a hanya ba. Na zura igiya ta tsakanin sandunan ƙafafun gaba, na zagayo, na taka gefen lori da ƙafa ɗaya na ja da dukan ƙarfina, kamar yadda nake yi wa buhuna. Itacen ya yi wata 'yar ƙara.

Maccido ya ce, "Halliru, sassauta. Ba nan aka ɗauri ba."

Na ce, "Kai ka san mota, ni na san igiya. Kowa shi tsaya ga nashi."

'Yan lodi suka yi dariya, ni ma na ƙara ja ɗaya don su ji daɗi.

Ni da Malam Zayyanu muka shige gaba wurin direba. Maccido ya hau sama ya zauna a cikin motarsa, ya riƙe sitiyari, don ba shi da wani wurin riƙewa. Safara'u ta ƙi zama a kujerar, ta ce ba haka aka yi da ita ba. Ta zauna a kan buhu a bodin lori ta ja mayafi. Hanyar kuwa duk rami ce, kowane rami muka faɗa sai igiyata ta fizgi busassun sandunan nan. Duk ƙauyen da muka ratsa sai mutane su fito suna nuni suna cewa an goya mota. Wajen Kwargaba akwai wani tafki mai sauran ruwa, inda Maccido ya yi niyyar tsayawa ya jiƙa ƙafafun, da a ce shi ne yake tuƙi. Da muka zo daidai nan na ji yana bugun rufin lori da tafin hannu. Direba ya sassauta. Malam Zayyanu ya ce a wuce, fenti zai ɓaci. Ina zaune a tsakiyarsu, na bari aka wuce.

Muka shiga Wurno da azahar. Dangin Safara'u sun fito bakin hanya kamar yadda ta aika, mata har da guɗa a shirye. Guɗar ba ta fito ba. Ƙasimu ya ɗaga kai ya dubi surukinsa can sama yana riƙe da sitiyarin motar da ba ta motsi, ya ce yadda kowa zai ji, "Ashe ita ma ɗaukatta akai." Safara'u ta sauko ta bayan lori, ta bi ta lungu ta shiga gidansu.

Aka sauke motar a filin taro, aka kewaye ta da igiya, aka sa ɗan doka. Kwana uku ta yi a nan a tsakiyar ranar bazara, ba ko inuwar zana. Maccido ya zo da bokiti, ɗan doka ya ce an hana. Ya koma wurin Malam Zayyanu, Malam yana fama da masu bijimai, ya ce a bari sai anjima, anjimar ba ta zo ba. Ran nan Bature ya zo duba fili, Maccido ya ƙame ya sara masa, ya fara harhaɗa ɗan Turancinsa na soja. Kafin ya kai ga maganar ruwa Malam ya shiga tsakani ya ce godiya yake yi. Bature ya yi murmushi, ya shafa motar, ya wuce. Na ga Maccido ya tsaya da hannu a goshi har Baturen ya yi nisa.

Da safiyar taro aka ba shi izinin shiga cikin igiyar. Ya durƙusa ya bi sandunan ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa. Na gaban, inda na ɗaure, suna motsi kamar haƙorin tsoho. Na ce a kawo ruwa yanzu mana, ai an gama kallon fenti. Ya ce ko an tsoma ta a gulbi sai ta yini kafin itacen ya kumbura, kuma ga makaɗa har sun fara.

Ya ce, "Halliru, in na ƙi tada ta, su ce ba ta taɓa tashi ba. In na tada ta, ta hwaɗi. Wanne za ni ɗauka?"

 Na duba gefen mata, na hangi Safara'u a tsaye a layin gaba.

Aka kira sunansa. Ya murza handul sau ɗaya tak, inji ya kama. Fili ya ɗauki sowa, har Ƙasimu na ga ya buɗe baki. Maccido ya hau, ya saki birki a hankali, motar ta fara tafiya, kore shar tana ƙyalli. Na ƙirga a raina, ta yi kamar taku talatin a miƙe. Da ya zo karya kwana gaban rumfar manya, ƙafar gaba ta dama ta yi ƙara, sandunan suka watse, motar ta durƙusa da hanci. Taya ya gangara shi kaɗai ya shige cikin tulin albasar wani mutumin Rara.

Dariyar da aka yi ba ta mugunta ba ce, abin ne ya zo da ban dariya, kuma wannan ya fi ciwo. Maccido ya kashe inji ya sauko. Da an bar shi a nan, da abin mai sauƙi ne, sanda sha biyu ce a sake sassaƙawa. Amma motar ta tare hanyar da bijimai za su bi. Bature ya ɗaga hannu, aka tada tarakta. Mai tuƙa ta ya sauko da sarƙa ya naɗa a ƙarfen da ya haɗa ƙafafun gaba. Maccido ya ruga yana ihu, "Kak ku ɗaura nan! Ku bari a ɗaga ta da hannu!" Ga rurin tarakta, ga kiɗa, ga sowa, ba wanda ya ji, ɗan doka ma riƙe shi ya yi don kada a take shi. Tarakta ta fizga. Ƙarfen ya lanƙwashe, sannan ya tsage, aka ja motar da hanci a ƙasa har ƙarshen fili. Jama'a suka tafa wa tarakta. Bature ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ko shirya abin aka yi ba zai fi haka nuna amfanin sabon inji ba. Da aka zo rabon kyauta aka kira Maccido, aka miƙa masa takarda mai hatimi da sabon bokiti.

Washegari fili ya watse. Na je da lori na ce a loda ta mu koma gida, can ya gyara a tsanake. Yana zaune a ƙasa kusa da ita, ya tattara guntayen sandunan a gabansa.

Ya ce, "Ba ta ƙara hawa bayan wata mota. Rad da tat tashi, ta koma Goronyo da ƙahwatta."

Na ɗauka zafin rai ne, kwana biyu zai huce. Bai huce ba. Ya sa aka ɗaga gaban motar aka ɗora a kan tsohon turmi, ya kafa mata rumfar kara, ya aika aka kawo masa kayan gyaran kekensa. Wurin kwana kuwa, ɗaki Ƙasimu ya ba su a gidansa. Mutumin da ya so ya sauke matarsa a ƙofar surukai da mota, ya ƙare yana cin tuwon gidan surukai. Duk wanda ya san mu ya san nauyin wannan, kuma Maccido ya ɗauke shi.

Sanduna ya samu, wani masassaƙi ya yi masa. Ƙarfen ne ya gagara. Maƙera uku suka gwada, in an haɗa a ɗora nauyi ya sake buɗewa. Ya aika Sakkwato, ya aika Gusau, ya aika har Kano ta hannun direbobi, kowa ya dawo ya ce rabon da a ga irin wannan mota tun kafin yaƙi. Duk shekara in na zo sayen albasar Wurno sai na tsaya da lori na roƙe shi. Na ce laifina ne, ya bari in gyara ko da wannan ɗaya. Yakan ce, "Ba kai ɗai ba ne," ya ci gaba da liƙin tayar keke. Bai taɓa zagina ba, ni kuwa da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na daina tsokanarsa, shi ma ya daina ba ni dalili.

Shekara huɗu ya yi a haka. Ana ta maganar Turawa za su tafi, sai ciwon ƙirji ya kwantar da shi, bayan kwana tara Allah ya yi masa cikawa.

Bayan addu'ar bakwai na zo da lori da 'yan lodi, niyyata in mai da motar ƙofar gidansa na Goronyo. Safara'u ta fito cikin takaba ta tsaya bakin rumfar.

Ta ce, "Mi za ka yi, Halliru?"

Na ce, "In kai ta gida."

Ta ce, "Ya ce kar a goya ta. Ka ji da kunnenka."

Na sallami 'yan lodi. Na tsaya ina kallon motar, fentin ya koɗe, amma ba ƙura ko kaɗan a jikin injin. Safara'u ta ce kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya tada ta, ta yi ruri kaɗan, ya kashe, wai kada ta manta. Ban san abin da ya kai hannuna ba. Na kama handul na murza, don kawai in taɓa inda yake taɓawa.

Ta tashi. Bugu ɗaya.

Rumfar ta cika da ƙara, turmin yana rawa a ƙarƙashinta. Safara'u ta toshe baki da mayafi, ta ce in kashe, in kashe don Allah. Na leƙa wurin sitiyari. Ba makulli, wayoyi ne guda biyar na haɗin hannunsa, ɗaya yake taɓawa ta mutu, kuma duk zaman da na yi kusa da shi ban taɓa lura wacce ba ce. Na tambaye ta. Ta girgiza kai, ta ce ita ruwa kawai ta sani.

Na ji tsoron in ja wata waya in ɓata abin da ya rage. Mutane suka fara taruwa daga nesa. Muka tsaya, ni da ita, motar tana ruri a kan ƙafa uku, har ɗan man da ya bari a cikinta ya ƙare.